Yadda Ake Gano Tarihin Sojan Ireland da Ya Mutu a Yaƙi, Daga Sunan Jikin Dutse Har Ƙofar Gidansu

Masu karatu da dama, musamman 'yan'uwanmu mazauna Dublin da Cork da Galway, sun yi ta maimaita tambaya ɗaya. Wani an ba ɗansa aikin makaranta kan sunayen da ke jikin dutsen tunawa na garin da suke zaune, wata ta shiga ƙungiyar tarihin unguwa an ɗora mata sunaye ta bi sawunsu, wani kuma ɗalibin tarihi ne da ke son koyon aikin daga nesa. Duk suna son sanin inda ake farawa da abin da za a kashe. Yawancin takardun kyauta ne a intanet. Abin da aikin ke ci shi ne haƙuri, domin ƙa'idarsa guda ce: ba a yarda cewa mutumin da ke cikin takardar soja shi ne ɗan gidan da kake zato sai takardu biyu da ba su dogara da juna ba sun yi shaida.

Zan fi tsayawa kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, saboda a nan ne mafi yawan mamatan suke. A lokacin tsibirin gaba ɗaya yana ƙarƙashin Birtaniya, kuma 'yan Ireland sama da 200,000 suka shiga rundunoninta.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara, littafin rubutu, tebur a kwamfuta mai layi ɗaya ga kowane soja, da katin laburare. Katin laburaren gwamnati kyauta ne a Ireland, kuma yana buɗe ƙofofin da a gida sai ka biya.

1. Shata iyakar aikinka

Kafin ka buɗe kowane shafi, rubuta wanda za ka kira ɗan garin. Wanda aka haifa a can ne kaɗai? Ko har da wanda ya zo aiki ya yi aure? Wanda aka haifa a garin amma aka tafi da shi Liverpool yana goye fa? Ni na fi son a haɗa duka, sai a rubuta dalilin shigar kowa a gefen sunansa. Wanda bai yanke wannan hukunci tun farko ba zai yi ta cire suna yana mayarwa, gardama kuma ta tashi a ƙungiya.

Ka fara da yanki ƙarami, coci ɗaya ko titi ɗaya ko makaranta ɗaya. Gunduma guda aikin shekaru ce.

2. Kwaso sunaye da ƙafarka

Je ka ɗauki hoton dutsen tunawa na gari, da allunan tagulla na cikin coci, da na tsofaffin makarantu, kulob-kulob na wasa, tashoshin jirgin ƙasa da kamfanoni. Daga nan ka zaga maƙabarta. Iyalai da yawa sun ƙara layi a ƙasan dutsen kabarin uwa ko uba cewa ɗansu wane ya mutu a Faransa, alhali gawarsa ba ta taɓa dawowa ba. Irin wannan layi yana da daraja ƙwarai, domin ya haɗa maka sojan da iyayensa a wuri ɗaya. Idan rubutu ya dushe, haska fitila daga gefe da yamma. Kada ka kankare dutsen ko ka shafa masa alli. Shafin Irish War Memorials yana da hotuna da sunaye na wurare masu yawa, ya dace ka duba shi kafin ka fita.

Hattara: za ka ga alluna sun fi yawa a cocin Furotesta fiye da na Katolika. Wannan ba ya nuna yawan waɗanda suka mutu. Bayan 1922, da kudancin tsibirin ya sami mulkin kansa, tuna wanda ya mutu cikin kakin Birtaniya ya zama abin da iyalai da yawa suka bar wa cikinsu. Shi ya sa wurare irin su Mayo Peace Park da ke Castlebar ba a buɗe su ba sai 2008. Sunayen da ke bango somin-taɓi ne, akwai ninkinsu da ba a rubuta ba.

3. Nemo lambar sojan

Shiga shafin Commonwealth War Graves Commission, wato CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi tun 1917. Bincike kyauta ne. Za ta ba ka muƙami, rajimanti, bataliya, lambar soja, ranar mutuwa, da inda aka binne shi ko bangon da aka rubuta sunansa. Kwafi lambar nan daidai, ita ce za ta bi ka har ƙarshen aiki. Ka gangara ƙasan shafin kuma ka buɗe hotunan tsofaffin takardun binnewa. Wasu suna nuna inda aka fara tsinto gawar kafin a mayar da ita babbar maƙabarta.

Sanin rajimantin yankinka yana rage wahala. Connaught Rangers suna da cibiya a Galway, Royal Munster Fusiliers a Tralee, Royal Dublin Fusiliers a Naas, Leinster Regiment a Birr, Royal Irish Regiment a Clonmel, Royal Inniskilling Fusiliers a Omagh, Royal Irish Fusiliers a Armagh, Royal Irish Rifles kuma a Belfast. Amma kada ka tsaya nan: 'yan Ireland sun cika rundunar igwa, da ta injiniyoyi, da rajimantocin Ingila da Scotland.

Hattara uku a wannan mataki. Na farko, kafin 1920 kowace rajimanti da nata jerin lambobi, saboda haka mutum biyu na iya riƙe lamba ɗaya, kuma wanda aka sauya wa rajimanti sai an ba shi sabuwa. Kullum ka rubuta lamba tare da sunan rajimanti. Na biyu, layin da ke cewa ɗan wane ne na gari kaza ya fito ne daga fom ɗin da aka aika wa dangi bayan yaƙi, kuma da yawa ba su mayar ba. Rashin wannan layi ba ya nufin mutumin ba naku ba ne. Na uku, shekarun da ke jikin dutse na iya zama kuskure. Dutsen John Condon na Waterford, wanda ya mutu a Mayun 1915 aka binne shi a Poelcapelle a Beljiyam, ya ce shekarunsa 14, kuma dubban mutane na ziyartar kabarin saboda haka. Masu bincike da suka koma wa rajistar haihuwa da ta ƙidaya suna cewa ya kai 18. Idan kabarin da ya yi suna haka yana da jayayya, to na sojanka ma sai ka tabbatar.

4. Duba kundin 1923, amma da taka-tsantsan

Ireland's Memorial Records kundi ne mai juzu'i takwas da aka buga a 1923, da sunaye sama da 49,000, kuma shi ne tushen adadin 49,400 da ke lambun tunawa na Islandbridge a Dublin. Ana bincikensa kyauta ta shafin gidan tarihi na In Flanders Fields da ke Ypres. Amfaninsa shi ne yakan faɗi garin haihuwa, abin da CWGC ba ta cika bayarwa ba. Matsalarsa kuwa, ya haɗa da 'yan Ingila da aka tura rajimantocin Ireland don cike giɓi, ya kuma tsallake 'yan Ireland da yawa da suka yi aiki a wasu wurare. Masana da dama suna sanya ainihin adadin ƙasa da haka sosai. Ka ɗauki abin da ya faɗa a matsayin alama, ka je ka tabbatar a mataki na gaba.

5. Mayar da shi gidansu

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Ƙidayar jama'a ta 1901 da ta 1911 suna shafin National Archives of Ireland kyauta, har da hoton fom ɗin da maigida ya cike da hannunsa ko ya dangwala masa alamar X. Su biyun nan ne kaɗai cikakku da suka rage daga zamanin mulkin Birtaniya: na 1821 zuwa 1851 sun ƙone a gobarar ma'ajiyar takardu da ke ginin kotunan Four Courts na Dublin a Yunin 1922, na 1861 zuwa 1891 kuma gwamnati ce ta lalata su tun kafin nan.

Fara da 1911, domin ta fi kusa da yaƙin. Za ka ga sunayen duk wanda ya kwana a gidan daren 2 ga Afrilu, da shekaru, addini, sana'a, iya karatu, da ko suna jin harshen Irish. Ga matar aure an rubuta shekarun aurenta, 'ya'yan da ta haifa da waɗanda ke raye. Kada ka rufe ba ka buɗe fom na biyu da ke bayanin ginin ba, mai faɗin yawan ɗakuna da tagogi da irin rufi. Idan ka ga mutum tara a ɗaki biyu, uba lebura, to ka fara gane abin da albashin soja da kuɗin da ake ba matarsa duk mako suke nufi ga wannan gida. Ba a taɓa tilasta shiga soja a cikin Ireland ba, yunƙurin 1918 ma bai kai ga aiwatarwa ba, saboda haka kowa da dalilinsa na sa hannu, kuma wannan fom yakan nuna wani ɓangare na dalilin.

Daga nan ka wuce IrishGenealogy.ie, inda rajistar haihuwa da aure da mutuwa take kyauta. An fara rajistar kowa a 1864. Ana buɗe ta haihuwa bayan shekara 100, ta aure bayan 75, ta mutuwa bayan 50. Takardar haihuwa za ta ba ka sunan gidan uwa kafin aure, kuma da shi ake raba Patrick Murphy ɗaya da sauran Patrick Murphy na gundumar. Littattafan baftisma na cocin Katolika, yawanci har zuwa wajen 1880, suna shafin National Library of Ireland, sun fi amfani ga iyayen sojan.

Hattara da rubutun suna. O' da Mc suna shiga suna fita: O'Reilly yau, Reilly gobe, Riley a hannun magatakardan Ingila. Gwada kowane salo. Hattara kuma da sunayen wurare da suka canja wajen lokacin samun 'yanci. Queenstown ita ce Cobh, Kingstown ita ce Dún Laoghaire, King's County ita ce Offaly, Queen's County kuma Laois. A karkara adireshin mutum shi ne ƙaramin yankin da suke kira townland, akwai su kusan 61,000, kuma suna ɗaya yakan maimaitu a gundumomi daban-daban. Idan mutuminka ya riga ya shiga soja kafin 1911 yana bariki a Ireland, a fom ɗin bariki harufan farko na sunansa kaɗai aka rubuta, sai ka nemo shi ta shekaru da gundumar haihuwa.

Shekaru kuwa, ka bar musu sarari na biyu ko uku kowane gefe. Yaro yakan ƙara don a ɗauke shi, dattijo yakan rage.

6. Buɗe takardun soja

A nan kuɗi ke shigowa. Ainihin yawancin takardun suna National Archives na Birtaniya da ke Kew a Landan, amma hotunansu suna shafukan Ancestry da Findmypast da Fold3, masu karɓar kuɗin wata-wata. Kafin ka biya, tambayi laburaren gundumarka, da yawa suna ba da damar shiga ɗaya daga cikinsu kyauta a kwamfutocinsu. Idan dole ka biya, tara sunayenka duka tukuna, sannan ka sayi wata ɗaya ka kwashe komai.

Fayil ɗin ƙananan sojoji yana jerin takardun da ma'ajiyar Kew ta sa wa lamba WO 363. Kada ka sa rai da yawa, bom ɗin Jamus ya faɗa wa ma'ajiyarsu a Landan a Satumban 1940, kusan kashi 60 cikin 100 suka ƙone, waɗanda suka tsira ma gefensu a babbake yake. Idan ka dace, za ka sami tsayinsa, sana'arsa, ranar shiga, laifuffukan bariki, da jerin danginsa da adireshinsu. Fayilolin hafsoshi suna WO 339 da WO 374.

Idan fayil ya ƙone, ga masu cike gurbinsa. Katin lambar yabo, WO 372, kusan kowa da ya fita ƙasar waje yana da shi, kuma ga waɗanda suka tafi a 1914 ko 1915 yakan nuna ranar isa fagen daga. Rajistar kayan mamaci, Soldiers' Effects, tana faɗin kuɗin da ya bari da sunan wanda aka ba, uwa ko mata ko ƙanwa. Katunan fansho da ƙungiyar tarihin yaƙin mai suna Western Front Association ta ceto sukan ba da adireshin bazawara da sunayen 'ya'ya. Sannan wasiyyoyi: National Archives of Ireland tana da na sojoji sama da 9,000 kyauta, yawancinsu layi biyu ne da sojan ya rubuta a shafin littafin albashinsa, yana barin komai ga mahaifiyarsa. Ban san wata takarda da ta fi wannan kusantar da kai ga mutumin ba, domin rubutun hannunsa ne. Idan sunan uwar da ke wasiyya ya dace da na takardar haihuwa, shaidunka biyu sun cika.

Wanda aka kama fursuna, nemi katinsa kyauta a shafin tarihin Red Cross ta duniya da ke Geneva.

7. Karanta rahoton ranar da ya mutu

Kowace bataliya tana da littafin rahoton kullum, jerin WO 95 a Kew, kuma na fagen Faransa da Beljiyam ana iya saukar da su ta intanet. Karanta mako guda kafin ranar da mako guda bayanta. Ba a cika ambaton farabiti ko kofur da suna ba, hafsoshi ake ambata, sauran sai adadi. Duk da haka za ka san ramin da suke, da ruwan da aka yi, da abin da aka umarce su.

Wasu ranaku za su yi ta dawowa a jerinka: 25 ga Afrilun 1915, saukar Dublin Fusiliers da Munster Fusiliers a gaɓar Gallipoli ta Turkiyya, Agustan 1915 a Suvla, can Gallipoli, tare da runduna ta 10 (ita da ta 16 da ta 36 su ne manyan rundunonin da aka tara a Ireland), harin iskar guba a Hulluch a ƙarshen Afrilun 1916, makon da 'yan neman 'yanci suke yi wa Birtaniya tawayen Easter a Dublin, 1 ga Yulin 1916 a Somme tare da runduna ta 36, Guillemont da Ginchy a Satumban 1916 tare da runduna ta 16, sai Messines, 7 ga Yunin 1917, inda ta 16 da ta 36 suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa.

Hattara: adadin asarar da rahoto ya bayar ya haɗa matattu da raunata da waɗanda suka ɓace, kada ka rubuta shi a matsayin matattu zalla. Kuma wanda aka binne a Étaples ko Rouen ko Boulogne, garuruwan Faransa da ke bayan fagen daga masu manyan asibitocin soja, mai yiwuwa a asibiti ya cika, an ji masa rauni kwanaki kafin nan. Ranar raunin za ka nema a rahoto. Wanda sunansa ke bangon Thiepval, mai sunaye sama da 72,000, ko Menin Gate, ko Helles, wato bangayen tunawa da waɗanda suka ɓace, ba a san kabarinsa ba.

8. Jaridun gari

Jaridun mako-mako irin su Kerryman, Anglo-Celt, Connaught Telegraph da Munster Express sun buga sanarwar mutuwa, hotuna, da wasiƙun da limaman soja ko abokai suka aiko wa iyaye. Irish Newspaper Archives da British Newspaper Archive na kuɗi ne, amma sashen tarihin gari na laburare yakan ajiye jaridun a maikurofim. Bincika har wata uku bayan mutuwa, domin labari yakan makara, ga wanda ya ɓace kuwa har shekara. Ka duba ranar zagayowar mutuwar a shekarun da suka biyo, iyalai sukan sa sanarwar tunawa da adireshinsu. Wasiƙar da ta ce ya cika nan take bai sha wahala ba, ka kawo ta a matsayin abin da aka faɗa wa uwa, domin tausayi ne yake sa a rubuta haka sau da yawa.

9. Waɗanda suka zame wa raga

Idan suna ya ƙi fitowa, tuna cewa Ireland ƙasar ƙaura ce. Fayilolin sojojin Kanada da na Ostareliya ba su ƙone ba, kuma suna intanet kyauta a ma'ajiyar tarihin ƙasashen biyu, da garin haihuwa da sunan magaji. Akwai waɗanda suka mutu cikin kakin Amurka, akwai sojan ruwa da ma'aikatan jiragen kasuwanci, akwai mata ma'aikatan jinya. Jirgin RMS Leinster da aka nutsar a 10 ga Oktoban 1918 jim kaɗan bayan ya bar Kingstown ya tafi da rayuka sama da 500, wasunsu suna maƙabartar soja ta Grangegorman a Dublin.

CWGC tana lissafa waɗanda suka mutu daga 4 ga Agustan 1914 zuwa 31 ga Agustan 1921. Wanda aka sallama da ciwo ya mutu a gida cikin wannan lokaci, sanadin aikin soja, yana da haƙƙin shiga, kuma an tsallake da yawa. Idan ka sami irinsa, haɗa takardar mutuwa da ta fansho ka miƙa wa hukumar. Masu sa kai na In From the Cold Project sun ƙware a wannan. Wannan tsallakewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu: rahoton da hukumar ta fitar a 2021 ya amsa cewa aƙalla mamata 116,000, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba. Wanda ya iya wannan aiki a kan ɗan Tipperary zai iya gwada shi a kan sojan Nigeria Regiment da ya faɗi a Kamaru ko Gabashin Afirka, domin hukumar ɗaya ce, ma'ajiyar Kew ma ɗaya.

Ga waɗanda suka mutu a tawayen 1916, yaƙin neman 'yanci ko yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923, hanya ta bambanta: Military Archives da ke barikin Cathal Brugha a Dublin ta sa fayilolin fansho da bayanan shaidu a intanet kyauta. Ita ce kuma ke riƙe da tarihin aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar sojoji tara da aka kashe a Niemba ta Kwango a 8 ga Nuwamban 1960. Na arewacin tsibirin kuma, a tuntuɓi PRONI, ma'ajiyar takardun Arewacin Ireland, a Belfast.

10. Dangi, sannan rubutu

Kada ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa kai tsaye. Sa sanarwa a takardar labaran coci ko jaridar gari, ka bari su neme ka. Sukan fito da hoto, wasiƙa, ko faifan tagullar nan mai sunan mamaci da gwamnati ta aika wa kowane gida. Ɗauki hoto a gabansu, kada ka tafi da kayan, ka kuma nemi izini a rubuce kafin ka wallafa. Idan fayil ya nuna abin da zai sosa rai, kamar gudu daga bariki ko ɗan da ba a sani ba, ka sanar da su kafin jama'a su ji.

Kowane soja ka rubuta masa shafi ɗaya, ka fara da gidansu da sana'arsa kafin rajimanti. A ƙarƙashin kowace magana ka faɗi takardar da ta fito, inda takardu suka saɓa kuma ka kawo duka biyun. Wanda shaidunsa ba su cika biyu ba, sa shi a jerin masu jiran tabbaci, kada ya hau dutse, domin gyaran dutse yana da tsada.

Idan za a yi taron tunawa, akwai ranar tunawa ta ƙasa a Lahadin da ta fi kusa da 11 ga Yuli, akwai kuma ta Nuwamba. Jan furen da ake maƙalawa a ƙirji don tunawa da mamatan sojan Birtaniya har yanzu yana raba ra'ayi a Ireland, saboda haka ka bar wa kwamitin gari da dangi su zaɓi rana da alama. Kwafi ɗaya na aikin, na takarda da na kwamfuta, ka kai sashen tarihin gari na laburaren gunduma, ka haɗa da jerin masu jiran tabbaci da bayanin wuraren da ka riga ka duba a kan kowannensu.